Muhawara: Sikanin a bakin gado don gano fashewar bangon zuciya, ina amfaninsa a Kaduna?

Likitan Gaggawa:
Assalamu alaikum, malamaina da abokan aiki. Ina so in gabatar da wata shawara domin a tattauna ta a wannan zaure, kuma ina roƙon manyanmu su faɗi ra'ayinsu ba tare da sakaya zance ba. Shawarar ita ce, duk majiyyacin da aka kwantar saboda toshewar jijiyar zuciya, a ɗora masa na'urar sikanin a kan gadonsa tun ranar farko, a rubuta ko akwai ruwa a jakar da ke kewaye da zuciya ko babu, sannan a sake dubawa nan take duk lokacin da jininsa ya faɗi, ko ya suma, ko ciwon ƙirji ya dawo masa. Dalilina shi ne fashewar bangon zuciya. Mun saba idan irin wannan majiyyaci ya rasu farat ɗaya a kwana na uku ko na huɗu, sai mu ce ciwon ne ya sake bugawa, a rufe fayil. Ina ganin wasu daga cikinsu bangon ne ya tsage, kuma na'urar da za ta nuna mana hakan cikin minti biyu tana nan a asibitocinmu, galibi a ɗakin awon masu ciki.

Ɗalibin Likita:
Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Ina neman ƙarin haske kafin manya su shiga maganar. Me ya sa bangon ba ya fashewa a sa'ar da jijiyar ta toshe, sai bayan kwanaki, a daidai lokacin da majiyyacin ya fara jin sauƙi har ana zancen sallama?

Likitar Zuciya:
Tambayarka tana kan hanya, ƙanena. Idan jijiya ta toshe kuma ba a buɗe ta da wuri ba, naman da take ciyarwa yakan mutu, wani lokaci tun daga ciki har bayan bangon. Jiki ba ya barin mataccen nama haka nan. Yakan turo ƙwayoyin jini masu share shi, kafin daga baya a maye gurbinsa da tabo mai ƙarfi, aikin da ke ɗaukar makonni. A tsakanin sharewa da samuwar tabon ne wurin ya fi rauni, kamar katangar ƙasa da ruwan Agusta ya jiƙa, tana tsaye a ido amma cikinta ya ruɓe, alhali ɗakin hagu na ƙasa, wanda shi ke tura jini zuwa dukkan jiki, bai daina matsawa da ƙarfinsa ba ko sau ɗaya. Shi ya sa ake ganin fashewar a lokuta biyu: cikin awa 24 na farko, da kuma tsakanin kwana 3 zuwa 5, kuma kusan dukkansu cikin mako biyu.

Waɗanda abin ya fi samu su ne tsofaffi, da mata, da masu hawan jini, da wanda wannan ne karonsa na farko, domin zuciyarsa ba ta taɓa samun damar buɗe ƙananan hanyoyin jini na kewaye ba, sai kuma wanda ya makara zuwa asibiti ko aka yi masa allurar narkar da gudan jini a makare. A ƙasashen da ake buɗe jijiya da bututu cikin sa'o'in farko, matsalar ta ragu zuwa ƙasa da kashi 1 cikin 100. To amma ku dubi majiyyatanmu. Dattijuwa mai hawan jini da ciwon suga, wadda ta kwana biyu tana shan maganin olsa kafin a yi mata ECG, wato awon lantarkin zuciya, ita ce ainihin wadda littafi ya siffanta.

Abin da ke kashewa shi ne matsewa. A ƙa'ida ruwan da ke cikin jakar zuciya bai wuce mililita 50 ba, kuma jakar ba ta miƙewa da sauri. Idan jini mililita 100 zuwa 200 ya zuba a cikinta farat ɗaya, ya isa ya hana zuciya buɗewa ta karɓi jini, sai ka ga ECG yana tafiya daidai amma babu bugu a wuya ko a hannu.

Baban Sadiq:
Na karanta bayanin Hajiya Likitar Zuciya, kuma babu abin da zan ƙara a kan iliminsa. Inda nake da ja shi ne shawarar da aka buɗe zancen da ita. Maganin fashewar bangon zuciya tiyata ce, a buɗe ƙirji, a kwashe jinin, a ɗinke ko a manna faci a kan tsagar. Wannan aiki yana buƙatar likitan tiyatar zuciya, da jini mai yawa, da ɗakin kulawa ta musamman, kuma a same su duka a cikin dare ɗaya. An fara tiyatar buɗe zuciya a Najeriya tun 1974 a Inugu, amma har yau wuraren da za su karɓi irin wannan majiyyaci da ƙarfe biyun dare ba su da yawa a faɗin ƙasar. Daga Kaduna zuwa Zariya kusan kilomita 80 ne, zuwa Abuja kuma ya kusa 200. Mutumin da bangon zuciyarsa ya fashe yakan cika cikin mintuna. Ina tambaya da gaske, me za mu ƙara wa majiyyaci idan muka ga abin da ba za mu iya gyarawa ba? Ni na fi son a kashe wannan ƙarfin wajen tabbatar da cewa duk mai ciwon ƙirji an yi masa ECG cikin minti 10 da isowarsa, domin nan ne ake hana fashewar tun asali.

Likitan Gaggawa:
Yallaɓai, maganarka a kan ECG gaskiya ce, kuma shawarata ba ta zo don ta ture ta ba. Amma akwai abubuwa biyu da nake so a duba. Na farko, ba kowace fashewa ce ke kashewa cikin mintuna ba. Kusan ɗaya cikin uku ko cikin huɗu, tsagar ƙarama ce, jini yana tsiyaya a hankali, gudan jini ya toshe ta na ɗan lokaci, ta sake buɗewa, har majiyyaci ya yi sa'o'i, wani lokaci ma kwanaki, a wannan hali. Waɗannan su ne masu rabon a cece su, kuma su ne muke rasawa saboda ba mu duba ba.

Na biyu, ko da babu tiyata kusa, abin da muka gani yana sauya abin da hannunmu zai yi a wannan daren. Mu ɗauki majiyyacin da ciwon ƙirji ya dawo masa a kwana na huɗu, jininsa ya faɗi, jijiyoyin wuyansa suka kumbura. Wanda bai duba ba zai iya cewa jijiyar ce ta sake toshewa, ya ƙara hefarin, maganin tsinka jini, ko ya yi allurar narkar da gudan jini, wato ya narkar da ɗan gudan da ke riƙe da ran mutumin. Ko kuma ya ga wuya a kumbure ya ce zuciya ce ta gaza, ya ba da Lasix, maganin da ke fitar da ruwa daga jiki ta fitsari, alhali zuciyar da aka matse tana buƙatar jijiyoyi su kasance a cike kafin ta samu abin turawa. Wanda ya duba kuwa zai tsayar da magungunan tsinka jini, ya ɗaura ruwa da lura, ya guji sa majiyyaci a injin numfashi in ba dole ba, ya kira inda za a tura shi yana faɗin ainihin abin da ke tafe. Duk wannan ba ya buƙatar ɗakin tiyata.

Mai Sikanin Kawo:
Tunda aikina ne riƙe wannan na'ura, bari in yi bayanin yadda ake dubawar, da inda ake yin tuntuɓe. Wuri mafi sauƙi ga mai koyo shi ne ƙahon zuci. A kwantar da kan na'urar kusan a shimfiɗe a ƙarƙashin ƙashin ƙirji, a nufi kafaɗar hagu, a bar hanta ta zama taga. Idan akwai ruwa, za a ga baƙin layi tsakanin hanta da zuciya. Daga nan sai a koma gefen hagu na ƙashin ƙirji, tsakanin haƙarƙari na uku da na huɗu, sannan ƙarƙashin nonon hagu inda ake ganin ɗakuna huɗu gaba ɗaya. A ƙarshe a duba babbar jijiyar da ke dawo da jini daga ƙasan jiki. Idan faɗinta ya wuce santimita 2 kuma ba ta lotsawa idan an ja numfashi, to matsin ya yi yawa.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne, kada a tsaya neman tsagar kanta. Ba kasafai ake ganinta ba, ko da a hannun ƙwararre da babbar na'ura mai nuna gudun jini da launi. Abin da ake nema shi ne ruwan da kaurinsa ya kai milimita 10 ko fiye, musamman idan akwai wani abu mai toka-toka a cikinsa, tare da ɗakunan dama suna lotsawa a lokacin da ya kamata su cika, a jikin mutumin da aka san jijiyarsa ta toshe kwanan nan kuma jininsa ya faɗi. Wannan ya isa a ɗaga waya.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne daskararren jini. Mai koyo yana neman baƙi, to amma jinin da ya daskare ba baƙi ba ne a allo, kamarsa ɗaya da naman hanta, sai mutum ya duba ya ce babu ruwa. Tarko na biyu kitsen da ke gaban zuciya ne, musamman ga masu jiki. Shi yana tsayawa a gaba kawai, yana motsi tare da zuciya, ba ya zagayawa baya. Na uku ruwan huhu ne na hagu. Ana bambance su da babbar jijiyar da ke saukowa ta bayan zuciya: ruwan jakar zuciya yana shiga ta gabanta, ruwan huhu yana bi ta bayanta.

Maman Ilham:
Ina gaishe da likitoci. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma mu ne a gefen gadon da dare lokacin da abin ke farawa. Alamun da malam ya ambata na faɗuwar jini sukan zo daga baya. Abin da muke fara gani shi ne majiyyacin da ya kwana lafiya ya tashi da rashin natsuwa, yana juye-juye, yana amai ba dalili, gumi mai sanyi yana karyo masa, yana cewa ciwon ya dawo amma ba irin na farko ba, wannan yana ƙaruwa idan ya ja numfashi. Wani lokaci jinin ya faɗi, bugun ya yi ƙasa, kafin likita ya iso komai ya daidaita, sai a rubuta cewa ya samu sauƙi. Roƙona shi ne a rubuta a ƙa'idar ɗakin kwanciya cewa irin wannan faɗuwa, ko da ta wuce, dalili ce ta kawo na'ura. Idan yana rubuce, ƙaramar nas ba za ta ji nauyin tada likita ba. Sannan a daina barin waɗannan majiyyata suna yunƙuri a bayan gida. A ba su maganin tausasa ciki tun ranar farko, a kula da hawan jininsu.

Likitar Zuciya:
Sista, Allah ya saka da alheri, abin da kika siffanta shi ne ainihin yadda fashewa mai tsiyaya take bayyana. Alamu uku da Claude Beck ya haɗa a 1935, wato faɗuwar jini, da kumburin jijiyoyin wuya, da dusashewar sautin zuciya, ba kasafai suke haɗuwa duka a jikin mutum ɗaya ba, kuma a ɗakin da ke cike da hayaniya da ƙarar janareto, wa zai rantse cewa sautin ya dusashe? Faɗuwar lambar sama ta awon jini da fiye da 10 idan an ja numfashi tana taimakawa, amma aunata da wuya ga mutumin da ke fama da kansa. Tun da Inge Edler da Hellmuth Hertz suka fara duba zuciya da sauti a birnin Lund na ƙasar Suwidin a 1953, gano ruwa a jakar zuciya yana cikin abubuwan da wannan fasaha ta fi ƙwarewa a kai, kuma yana cikin mafi sauƙin koyarwa.

Baban Sadiq:
To ga damuwata ta biyu, kuma ta fi ta farko nauyi. A ƙasarmu, idan ka ga ruwa mai yawa a jakar zuciya, abin da ya fi yawan kawo shi tarin fuka ne, sai ciwon ƙoda da ya yi nisa, sai ciwon daji. Ruwan tarin fuka ma yakan zo da zare-zare a cikinsa waɗanda mai koyo zai ɗauka gudan jini ne. Ban da haka, ɗan ruwa kaɗan bayan toshewar jijiya ba baƙon abu ba ne, kumburi kawai ke kawo shi, kuma akwai wanda ke zuwa bayan makonni. Idan muka ba kowa na'ura bayan horon kwana biyu, ina tsoron za a tsayar wa mutane asfirin da hefarin da suke matuƙar buƙata saboda ɗan ruwan da ba shi da illa, a tada hankalin iyali, a sa su sayar da gona su ɗauki motar asibiti zuwa Abuja.

Likitan Gaggawa:
Ranka ya daɗe, wannan damuwa ita ce ta sa na dage a kan dubawar ranar farko. Idan an rubuta ranar Litinin cewa jakar a bushe take, ranar Alhamis kuma aka ga milimita 12 tare da faɗuwar jini, babu mai cewa tarin fuka ne, domin tarin fuka ba ya tara ruwa cikin kwana uku ya kayar da mutum. Shi nasa a hankali yake taruwa, jakar tana miƙewa, har ka ga mai lita guda yana tafiya da ƙafarsa, ga zazzaɓin dare da rama na watanni. Hoton farko shi ne ma'aunin da za a gwada na biyu da shi. Kuma ba na cewa a yanke hukunci da allo kaɗai. Labarin majiyyaci, da ECG, da awon jini, su ne ke ba hoton ma'ana.

Ɗalibin Likita:
Malamaina, idan an tabbatar da matsewar kuma tiyata tana nesa, me zai hana a soka allura a zuƙe jinin, kamar yadda ake yi wa masu tarin fuka?

Likitar Zuciya:
A nan ne ma likitocin zuciya kansu suka sha bamban, don haka a saurara da kyau. Ruwan tarin fuka ruwa ne, yana bin allura. Jinin fashewa kuwa sau da yawa ya daskare, ba zai biyo sirinji ba, sai mutum ya yi ta soka a kusa da zuciyar da ta riga ta ji rauni. Haka kuma matsin da ke cikin jakar, duk da shi ne ke neman kashe majiyyacin, shi ne kuma ke danne tsagar. Idan aka zuƙe duka, jini ya hau da ƙarfi, gudan zai iya ɓallewa. Matsayata ita ce, wanda ƙarin ruwa da magani suka riƙe shi, kada a taɓa shi da allura, a nema masa hanya. Wanda kuma yake gargara a gaban idonka, babu abin da za a yi asara, a soka ana kallon allurar a allo, a zuƙi kaɗan-kaɗan, kamar mililita 10 zuwa 20 a lokaci guda, a tsaya da zarar lambar sama ta dawo kusan 90. Wannan sayen lokaci ne kawai, ba magani ba.

Ina kuma tunatar da masu dubawa cewa ba bangon waje kaɗai ke fashewa ba. Bangon da ke raba ɗakunan ƙasa biyu yakan huje, sai a ji sabon sauti mai kaushi a gefen hagu na ƙashin ƙirji, har hannu yana jin karkarwarsa. Tsokar da ke riƙe da ƙyauren da ke tsakanin ɗakin hagu na sama da na ƙasa takan tsinke, galibi bayan toshewar jijiyar da ke ciyar da ƙasan zuciya, sai huhu ya cika da ruwa nan take. A waɗannan biyun jakar a bushe take, don haka rashin ganin ruwa ba ya nufin an tsira. Akwai kuma tsagewar babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, wadda ita ma takan zubar da jini a jakar kuma takan yi kama da toshewar jijiya a ECG. A riƙa duban faɗin tushenta kafin a yi wa kowa allurar narkarwa. Sai wanda ya tsira daga fashewar ba tare da an sani ba, jakar ta manne ta riƙe jinin, ya dawo bayan wata guda da wani ƙullutu mai siririn wuya a jikin zuciya. Wannan yana da lokacin da za a shirya masa tiyata a tsanake, ko a Najeriya ko a waje, in dai an gane shi.

Mai Harhaɗa Magani:
Ina da ƙari ɗaya daga ɓangarenmu. Mutanenmu suna sayen diklofenak da ibufurofen a kemis don kowane irin ciwo, har 'yan uwa kan kawo su a ɓoye su ba majiyyaci a kan gadon asibiti idan ya koka da ƙirji. Waɗannan magunguna, da masu sitiroyid da ake cusawa cikin haɗin ciwon jiki, suna kawo cikas ga warkewar naman zuciya, kuma an hana su ga wanda jijiyarsa ta toshe. Ya kamata a riƙa tambayar masu jinya abin da ke cikin jakarsu tun ranar kwanciya, cikin mutunci, a bayyana musu dalili.

Baban Sadiq:
Na gamsu da hujjar hoton farko, kuma na yarda cewa hana allurar narkarwa ga mai tsiyayar jini riba ce ko babu tiyata. Inda har yanzu nake tsaye shi ne batun wanda zai riƙe na'urar. Ƙananan na'urori irin su Butterfly iQ da Lumify da ake haɗawa da waya sun sa abin ya zama kamar mai sauƙi, alhali wahalar tana cikin fassarar hoton. Sharaɗina shi ne, duk wanda zai duba ya adana bidiyon, ya tura wa likitan zuciya kafin a tsayar da magani ko a ɗauko allura, sai fa in majiyyaci yana gargara. A cire sunan majiyyaci daga hoton kafin a tura. Kuma idan ana danna ƙirji don farfaɗo da mutum, kada a tsayar da dannawa fiye da daƙiƙa 10 saboda neman hoto mai kyau.

Maman Ilham:
Ina goyon bayan wannan sharaɗi, Baba. Abin da zan ƙara shi ne batun iyali. Idan aka ga abin a allo, a samu babba a cikinsu a gaya masa gaskiya da Hausar da zai fahimta, har da haɗarin hanya da nauyin kuɗi, domin su yanke shawara da saninsu, wanda zai kira 'yan uwa ya kira, wanda zai yi wasiyya ya samu dama. Kuma a warware matsalar makulli, domin na'urar da ke kulle a ofis daga ƙarfe huɗu na yamma ba za ta amfani mai faɗuwa da tsakar dare ba.

Mai Sikanin Kawo:
Ni na ɗauki nauyin koyar da wuraren dubawa huɗu da na ambata ga duk mai so, a ranakun Asabar, idan Hajiya za ta amince ta riƙa duba bidiyon da masu koyo suka ɗauka tana yi musu gyara.

Likitar Zuciya:
Na amince. A fara da masu lafiyayyar zuciya da masu ruwan tarin fuka da ke kwance, da izininsu, domin ido ya saba da yadda jaka busasshiya take da yadda mai ruwa take kafin a kai ga daren gaggawa. Wanda ya buɗe zancen ya rubuto mana daftarin ƙa'idar a shafi ɗaya, ya sa maganar Sista ta faɗuwar jini mai wucewa a ciki, da sharaɗin Baban Sadiq na tura bidiyo, mu duba shi a nan kafin kowa ya kai wa shugabannin sashensa.